Asuba a siton 'yan sari

A watan Nuwamba na sauka Leicester, garin da ban san komai a kansa ba sai ƙungiyar ƙwallon da ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Matata ce ta samu aikin jinya, ni na biyo ta. Sati biyar ina zaune a ɗaki ina lissafin kuɗin haya, kafin wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya tura ni wani katafaren sito a bayan gari, inda masu ƙananan shaguna ke zuwa sarin kaya. A nan suna kiran irinsa kash-an-kari, wato biya ka ɗauka.

Ƙarfe biyar na asuba nake fita, duhu kamar tsakar dare, sanyi na yanka kunne. Aka ba ni riga mai ɗaukar ido da takalmi mai ƙarfe a baki, aka nuna mini layin gwangwanaye. Na zage na jera katan-katan har gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi. Shugabar layinmu ta zo, ta zaro gwangwani ɗaya daga can baya, ta nuna mini kwanan watan da ke gindinsa. Ashe na binne tsofaffin kaya a bayan sababbi. Sai da na sauke komai na sake. Ranar na koyi cewa kwanan wata iri biyu ne: na kan nama da madara, wanda in ya wuce haramun ne a sayar, da na kan biskit da gwangwani, wanda ke nufin ɗanɗano ne kawai zai fara raguwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu bashi. A gida na saba dila ya ba ka kaya saboda ya san mahaifinka, in ka sayar ka kawo. A nan sai ka kawo takardun da ke nuna kana da shago, a yi maka kati, kuma amalankenka ba zai wuce ƙofa ba sai na'ura ta ce kuɗi sun shiga. Ciniki ma babu. Da yawan kayan ma an buga farashin a jikin leda tun daga masana'anta, fam ɗaya ko fam ɗaya da kaza, don haka da wuya mai shago ya iya ƙara ko sisi. Ribarsa na rubuce a ƙaramar takardar da ke manne a kanta, shi ya sa za ka ga mutum tsaye gaban katan ɗin lemo yana danna waya kamar mai duba sakamakon jarrabawa.

Sai kuma harajin kaya, wanda ya taɓa sa wani sabon mai shago ya ɗaga mini murya, ni da ba ni na kafa shi ba. Farashin da ke kan kanta bai haɗa da haraji ba, sai a wurin biya ake ɗora kashi 20 cikin ɗari a kan lemon kwalba da alewa da soyayyen dankalin leda. Burodi da madara da fulawa ba a ɗora musu komai. Biskit ma haka, amma da zarar an lulluɓe shi da cakulan ya shiga haraji, shi kuwa kek ko an yi masa wanka da cakulan ya tsira. Har shari'a aka yi a 1991 a kan ko Jaffa Cakes, wani abin maƙulashe mai cakulan a sama, kek ne ko biskit, kamfanin McVitie's mai yin sa ya yi nasara. Da aka ba ni labarin na ɗauka zolayar baƙo ake yi.

Wanda ya ba ni shi wani dattijo ne ɗan asalin Indiya, mai zuwa duk Talata da Juma'a da tsohuwar motar kaya. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. A Yuganda aka haife shi, yana yaro Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya irinsu kwana 90 su bar ƙasar a 1972. Wata rana ina loda masa ruwan roba na tambaye shi: "Baba, yaya kuke rayuwa kusa da manyan kantuna, alhali sun fi ku araha?"

"Ɗana, ka zo shagona ranar Lahadi da yamma," in ji shi.

Na je. Layi har ƙofa. Dokar 1994 ta ce a Ingila da Wales kantin da ya wuce murabba'in mita 280 awa shida kawai zai buɗe ranar Lahadi, ƙaramin shago kuwa ko kwana zai yi a buɗe ba ruwan kowa. Wanda madara ta ƙare masa ƙarfe takwas na dare ba ya tambayar farashi.

Daga bakinsa na fara jin sunan Anwar Pervez, wanda ya zo daga Pakistan a 1956, ya yi kwandastan bas a Bradford, ya buɗe ɗan shago a Landan a 1963, sannan a 1976 ya buɗe siton sari na farko a unguwar Acton. Shi ne tushen kamfanin Bestway, wanda ya sayi wani kamfanin sari, Batleys, a 2005. Masu shaguna na ba da labarin nan yadda ake ba da labarin wani attajirin dangi, kowa na ganin kansa a ciki. Ni dai na lura ba a cika faɗin shekarun da ya yi yana tsaye a bayan kanta ba.

A da in na ga shago da allon Premier ko Londis ko Best-one, na ɗauka reshen kamfani ne. Ashe shagon na mutum ne, sunan kawai ya ara daga dilan da yake saye a wurinsa, bisa sharaɗin zai riƙa ɗaukar kaya daidai gwargwado. Premier da Londis na wani babban dila ne mai suna Booker, shi kuma Booker tun 2018 ya koma hannun Tesco, kamfanin manyan kantuna. Wato babban kantin da ake gasa da shi, shi ne kuma uban gidan dilan.

Matsala ɗaya na samu. Bayan wata biyu aka mayar da ni layin giya, kuma a wannan sana'a layi ne mai kawo kuɗi sosai. Kwana biyu ina jan ƙafa, ina tsoron in yi magana a ce gobe kada in dawo. Ran na uku na daure na faɗa wa shugabarmu. Ta ɗaga kafaɗa, ta musanya ni da wani ɗan Romaniya da ya gaji da buhunan shinkafa. Yanzu ni ke da shinkafa da man girki, bayana ya san da haka.

Satin da ya wuce Baba ya ce gwiwoyinsa sun gaji, 'ya'yansa kuma ɗaya likitan haƙori ne ɗaya na aikin banki, ba mai son shago. Ya tambaye ni ko zan riƙa tsaya masa ranar Lahadi. Na ce sai na yi shawara da mai ɗakina. Ban faɗa masa ba, amma tun ranar da na ga layin mutanen nan a shagonsa na auna tsawon firjin giyarsa da ido, ina lissafin abin da zai iya maye gurbinsa.