Dashen haƙori na ƙarfe: ashe shi ma titaniyam tsufa yake

Jama'a masu tambayata a kan haƙorin da aka dasa mani bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta, don wasu a Katsina har yanzu ɗauka suke irin haƙorin Makka ne. Ba shi ba ne wallahi. Haƙorin Makka rufi ne ake ɗora wa haƙorinka, wannan kuwa turmina ne na ƙasa ya ruɓe aka cire, aka huda ƙashin muƙamuƙi aka ɗaura wani ɗan sukuru na titaniyam, aka bar shi watanni ƙashi ya kama shi kafin a ɗora kan haƙorin.

Ranar da za a yi aikin na ga likita ya tsaya yana duba kwanan watan jikin kwalin, nace likita ƙarfe ma yana isfaya ne, yayi dariya yace Malam ai tsufa yake tun yana cikin leda. Bayanin da ya yi mani, wanda daga baya na bi na karanta, shi ne in an gama sarrafa titaniyam fuskarsa tas take, in ka ɗiga ruwa ko jini nan take zai baje ya bi jikinsa. To da zaman ajiya sai wani datti na kabon daga iska ya riƙa lulluɓe shi, ido ba ya gani, in ka ɗiga ruwa sai ya dunƙule kamar a kwanon da aka ci tuwo da man shanu. Su kuma ƙwayoyin da ke gina ƙashi sun fi son fuskar da jini ke kamawa. Wani farfesa ɗan Jafan, Takahiro Ogawa, a jami'ar UCLA ta Amurka shi da mutanensa suka fito da maganar wajen 2009, suka nuna ko mako 4 ƙarfen ya yi a ajiye kamun ƙashi ya ragu, kuma in aka haska masa hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, dattin yana tashi fuskar ta farfaɗo. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sayar da nasu a nutse cikin ruwan gishiri don kar iska ta taɓa shi.

Amma fa ni a ganina kar wani ya tsorata ku da wannan ya ƙara maku kuɗi. Yawancin gwajin farko a kan ɓeraye aka yi shi, kuma tun 1965 da wani likita mai suna Biranemak ya fara dasa wa mutum a Suwidin ake amfani da ƙarfen da ya kwana a kwali, sama da kashi 90 cikin 100 suna kai shekara 10 lafiya lau. Inda sabuntar ƙarfen ta fi amfani shi ne farkon kamu, musamman ga mai raunin ƙashi ko dattijo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaizayar ƙashi. Duk wanda aka dasa wa sai ƙashin da ke wuyan sukurun ya ɗan ja baya, a shekarar farko kamar milimita 1 zuwa 1.5 ba abin tashin hankali ba ne, bayan nan ma'aunin da likitoci ke bi tun 1986 shi ne kar ya wuce milimita 0.2 a shekara. Da na koma aka ɗauki hoton ƙashi likita ya jera shi da na farko a kwamfuta ya nuna mani layin, nawa yana cikin iyaka alhamdulillahi. Kuma abin haushin shi ne wannan zaizaya ba ta zafi, ƙarfe ba shi da jijiya, sai dai ka ga dasashi na jini in kana goge baki ko wari ko ɗan ruwan mugunya, lokacin da haƙorin zai fara girgiɗi ƙashi ya riga ya tafi da yawa.

Masu janyo ta kuwa mun san su, dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori, taba sigari da shisha, ciwon suga da ba a kula da shi, da cizon haƙora cikin barci. Ni mai goro ne, kuma kun san ɓarɓashin goro yadda yake shiga lungu, dole na koma amfani da ɗan siririn buroshin nan mai shiga tsakanin haƙora bayan aswaki. Kilishi ina ci abina, ƙashin tsire da ƙanƙara ne dai na sallama.

Wanda zai yi, ya fara gwada suga, ya tambayi sunan kamfanin sukurun a rubuta masa a kati ya adana, don in kan haƙorin ya kwance bayan shekaru kowane kamfani da irin makullin da ke buɗe nasa. Sannan ya karɓi hoton ƙashin ranar farko a wayarsa, da shi za a auna duk na gaba ko da ya canza likita.