Gangarowa daga Dutsen Kamaru ce ta ci ƙafafuna

Duk wanda na gaya wa zan shiga tseren Dutsen Kamaru a Buea, tambayarsa ɗaya ce: anya za ka iya hawan? Babu wanda ya ce min uffan game da gangarowa, alhali ita ce ta kusa zaunar da ni a bakin titi saura ƙiris in kai. Har yau abin yana ci min rai.

Tun 1973 ake wannan tsere, yawanci a watan Fabrairu. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a hau har ƙololuwar dutsen da ta haura mita 4,000, a juyo a dawo filin, tafiyar kusan kilomita 40. Na yi atisaye a tuddan Ngaundare da asuba, kuma numfashina bai ba ni kunya ba. Dajin ƙasa, bukka ta ɗaya cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar, ciyawar da ke samanta, bukka ta biyu da ta uku, duk na wuce su yadda na tsara. A can sama sanyi ya sandarar min da yatsu, kaina ya yi nauyi saboda ƙarancin iska, amma na san da zuwan wannan.

Da na juyo sai na ce alhamdu lillahi, mai wuyar ta wuce. Ashe yanzu aka fara. Dutsen mai aman wuta ne, ya yi aman a 1999 da 2000, don haka samansa baƙar tsakuwa ce da duwatsu masu kaifi da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Tsoron faɗuwa yana sa mutum ya riƙa taka birki a kowane taku, kuma naman gaban cinya ne ke ɗaukar wannan nauyin. Yana miƙewa yana riƙe jiki a lokaci guda, sai ya riƙa yin ƙananan tsagewa. Ba a jin ciwon nan take, taruwa yake kamar bashi. Kafin in dawo bukka ta ɗaya cinyoyina rawa suke, yatsuna na dukan gaban takalmi, tsakuwa kuma ta cika min safa.

Masu tseren da suka saba da dutsen haka suka riƙa wuce ni, taku gajeru da sauri, jiki a ɗan karkace gaba, hannuwa a buɗe. Ba sa faɗa da gangarar, binta suke. A nan na ƙara ganin girman Sarah Etonge, wadda ta ci tseren mata sau bakwai har ake kiranta Sarauniyar Dutse.

Mafi muni shi ne kwalta. Daga Upper Farms, inda hanyar dutsen ta ƙare, zuwa Molyko titi ne, shi ma gangara, ga rana ta take. Ƙafar da dutse ya riga ya tauna, sai ga ta tana dukan ƙasa mai tauri. Nan jijiyar sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau. Na nufi bakin titi zan zauna, sai wani mai tsire, ɗan'uwanmu Bahaushe, ya ɗaga murya: "Sannu ɗan'uwa! Kada ka zauna, in ka zauna ba ka tashi!" Allah ya saka masa da alheri. A tsaye na miƙar da ƙafar, na sha ruwan gishiri da sukari, na tauna dabino.

Kafin in ci gaba sai da na saurari ciwon. Nauyi ne da zafi a cinyoyin biyu duka, irin wanda ake iya tafiya da shi. Da a ce ciwon suka ne a wuri ɗaya cikin gwiwa ko idon sawu, ko jiri, ko amai, ko zufa ta ɗauke, da na tsaya, kuma kowa ma ya tsaya. Sai na raba sauran hanyar da turakun lantarki: in yi gudu zuwa wannan, in taka zuwa na gaba. Haka na shiga filin Molyko da ƙafafuna, kuma ina alfahari da hakan.

Mai niyyar zuwa, ya ware rana guda a mako domin gangara kawai, mai tsawo, kuma ya ƙarasa ta a kan kwalta, don cinya tana sabawa da wannan dukan in an maimaita mata. Takalmi ya ɗan fi ƙafa tsawo, a yanke farce, a ɗaure igiya sosai kafin a juyo daga sama. A ci wani abu tun a ƙololuwa, domin a gangara ido yana ƙasa, mutum ba ya tuna ciki. Farcen manyan yatsuna biyu ya yi baƙi ya fita, sai bayan watanni ya tsiro, kuma duka gangarar nan ce ta jawo.