Abin da ruwan kwal ya koya mini

Ranar da aka fara kawo mana gurɓataccen ruwan kwal a ɗakin gwajinmu a ƙasar Sin, tun kafin a buɗe jarkar warinsa ya cika ɗakin. Baƙi-ƙirin ne, da kwalta na iyo a kai. Daga wata masana'anta ya fito, inda ake gasa kwal da tururi da iskar oksijin a samu gas, a mayar da shi dizal ko metanol.

Aikina shi ne kiwon bakteriyar da ke cinye dattin. Wata biyu ina lallaɓa su, kullum ina ƙara musu ruwan kaɗan-kaɗan har suka saba. Da na ga sun yi ƙarfi, sai na ninka musu rabo a dare ɗaya, domin lokacin miƙa sakamako ya matso. Kwana uku tankin ya yi kumfa, taɓon da bakteriyar ke ciki ya taso sama, ammoniya, wato sinadari mai warin fitsari da wasunsu ke ci, ta daina raguwa. Fenol, wani sinadari mai guba da ke cikin ruwan, ya kashe su. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don masu cin ammoniyar nan jinkirin hayayyafa gare su, sai da na shafe makonni kafin su farfaɗo.

Malamina bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya zana mini yadda masana'anta ke bi: a fara tsame mai da kwalta, a kori iskoki masu tsami da ammoniya da tururi, sannan a janye fenol da wani sinadari. Ammoniya ce ke fita kafin fenol, domin idan tana ciki ruwan yana da kanwa-kanwa, fenol kuma ya ƙi rabuwa da shi. Ta haka dubban miligiram na fenol a kowace lita ke komawa ɗaruruwa, adadin da bakteriya ke iya ɗauka.

Abin da har yau ke damuna shi ne gishiri. Manyan masana'antun sarrafa kwal na ƙasar Sin, kamar ta Ordos da ta fara aiki a 2008 da ta Ningdong a 2016, suna yankunan da kwal ya wadata amma ruwa ya yi ƙaranci, don haka ana so kada ɗigo ɗaya ya fita waje. A tace, a sake tacewa, a dafa ragowar har ya ƙafe. Sai ka tarar da tulin gishiri gauraye da guba, wanda ba ya sayuwa kuma ba a zubarwa ko'ina. Yanzu a kan raba shi gida biyu nake aiki, gishirin kuloraid daban, na salfet daban.