Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na ƙi bin umarnin Baba Alhaji

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya ɗauke ni daga sashen gyaran kekuna, ya mayar da ni teburin kayan zamiya a kan ƙanƙara. Mai karatu zai yi mamakin wannan sana'a a Jidda, garin da zafi ke hana mutum fita da rana, amma tun da Fayik Abdi ya wakilci Saudiyya a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022, samari suka ƙara sha'awar abin, wasu su je Ski Dubai, wasu su wuce Gudauri a ƙasar Jojiya.

Aikina shi ne ɗaura mariƙin takalmi a kan allon zamiya. Abu na farko da aka koya mini shi ne kada in dubi lambar ƙafa, sai dai tsawon tafin takalmin, wanda ake bugawa da milimita a gefen dunduniya. Da shi ake saita ƙarfen jagora, wato wanda ke nuna inda za a huda ramuka, a daidaita alamar tsakiyar takalmi da layin da ke jikin allo, sannan a huda da baki mai kaurin milimita 3.5, ko 4.1 idan allon yana da ƙarfe a ciki. Kowane rami sai an ɗiga masa gam saboda ruwa, kuma da hannu nake ƙarasa ɗaure sukuru, domin inji yana cinye zaren ramin.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, wani dattijon unguwarmu, aminin mahaifina tun zamansu a Makka, ya shigo da kayan ɗan autansa. Yaron ya dawo daga tafiyarsa ta farko yana kukan cewa da ya juya kaɗan sai takalmi ya fice, shi ya sa ya murɗa sifirin mariƙin da kansa har lambar DIN, wato ma'aunin ƙarfin da ake buƙata kafin mariƙi ya saki takalmi, ta kai 9.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ƙara ɗaure masa tamau, kada ya sake faɗuwa a ƙasar mutane."

Na ce, "Baba Alhaji, a yi mini afuwa, wannan kam ba zan iya ba." Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar, kuma har muryata sai da ta yi rawa. Na bayyana masa cewa an ƙera mariƙin ne domin ya saki ƙafa idan faɗuwa ta yi muni, in ya ƙi saki kuwa, ƙashin ƙwauri ko gwiwa ne zai ɗauki murɗewar. Lambar ba a zaɓar ta da ka. Nauyi da tsawo da shekaru da tsawon tafin takalmi da ƙwarewa ne ke fitar da ita, kuma jadawalin da ake duba lambar a cikinsa ya ba wannan sabon shiga ƙasa da 6.

Da na sa takalmin a cikin mariƙin sai na ga ainihin ciwon. An huda allon ne domin tsohon takalmi mai milimita 325, wanda yake sawa yanzu kuwa 305 ne, don haka mariƙin dunduniya ba ya tura shi gaba yadda ya kamata, alamar matsin ma ta fita daga gurbinta. Na matso da shi har ƙarshen layinsa bai isa ba, dole na kwance komai, na toshe tsofaffin ramukan, na huda sababbi nesa da su da kimanin santimita ɗaya. Bayan haka na zura takarda ƙarƙashin yatsun takalmin domin in gwada ko matsin wurin ya yi daidai, ta fito da ɗan ja ba tare da ta yage ba, sannan na mayar da lambar inda jadawali ya ce.

Baba Alhaji yana zaune a kujera bai ce uffan ba har aka kira magariba. Da zai fita sai ya ce in zo gida ranar Juma'a in maimaita wa yaron bayanin a gabansa, kuma abin da ya faru a wannan zama shi zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.