Zinarin da ya koma shunayya a hannuna

Ranar da na fara buɗe kwalbar ruwan zinari sai da gabana ya faɗi. Na zaci zan ga abu yana walƙiya, sai ga wani ruwa mai danƙo, launin makuba, da wari mai hawa kai. Ƙannena masu sha'awar adon tangaran, in kun ga haka ba cutar ku aka yi ba. Zinarin narke yake cikin ƙaro da mai, wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai, sai wuta ta cinye man yake bayyana. A masana'antar Meissen ta Jamus aka samo wannan haɗin wajen 1830, wanda ke fitowa da ƙyallinsa ba sai an bi shi da guga ba.

Rowa ce ta fara kayar da ni. Kwalbar giram 2 ce, ina tsoron ta ƙare, sai na riƙa jan burushi har ruwan ya kusa ɓacewa a bakin kofi. Da na buɗe tanda, kofuna shida duk sun yi shunayya, babu zinari ko ɗigo. Haka yake yi in ya yi siriri. Na huce haushi a karo na biyu, na lafta shi da kauri, ya fito dusu-dusu, ya tsattsage. Shafa ɗaya ake yi, mai daidaito, launinta kamar zuma, ana hango farin kofin ta ƙarƙashi. In burushi ya wuce, kada ku koma gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yatsa. Akwai wata farar buta da na kwana biyu a kanta. Ta fito da kyau, amma ga tambarin babban yatsana a cikinta, shunayya, har zanen fata ana gani. Ashe ruwan ya ɗan taɓa hannuna ban lura ba. Maiƙon hannu da ƙura su ma suna hana zinari zama, su bar ɗigo-ɗigo. Yanzu sai na goge kaya da sifirit da ƙyalle marar gashi, na bar shi ya bushe, daga nan ta gindi kawai nake riƙe shi. Burushin zinari kuma nasa ne shi kaɗai, ba a wanke shi da ruwa.

Wutarsa ita ce gashi na uku a tanda, bayan gashin yumɓun da na santsin jikin tangaran, tsakanin digiri 700 da 750 a ma'aunin Salsiyos. In ba ta kai ba, zinarin gogewa yake yi da hannu. In ta zarce, ya dusashe. Ku bar kafar tanda a buɗe da farko don hayaƙin man ya fita. Warin nan kuwa ba na wasa ba ne. Na sha ciwon kai saboda aiki a rufaffen ɗaki, kafin na koma buɗe tagogi da sa takunkumi mai tace tururin sinadari.

Kofin farko da ya yi kyau, yayata na ba. Ban gaya mata zinarin ƙarfe ne na gaske ba. Ta sa shi a na'urar ɗumama abinci, wato microwave, ya yi tartsatsi, bakin ya ƙone baƙi ƙirin. Tun daga ranar, duk kofin da zai bar hannuna da 'yar takarda yake tafiya: ban da na'urar ɗumama abinci, a wanke da hannu da soso mai laushi.