Abin da injin matse ɓuntu ya koya min

Mutane da yawa a Gombe in suka ji ana maganar matse ɓuntun shinkafa ya koma felet, wato 'yan ƙwayoyin da ake ƙonawa a murhu a madadin itace, sai su ɗauka ai wani ƙarfi ake ƙara masa, to ba haka ba ne fa. Kilo ɗaya na ɓuntu zafin da zai bayar kusan ɗaya ne ko a warwatse yake ko an matse shi, wajen megajul 14 zuwa 15 (megajul ma'aunin yawan zafi ne), na garin katako ya ɗan ɗara haka. Abin da ke canzawa shi ne yadda wuta ke cinsa, kuma wannan na fahimce shi ne a wata 'yar masana'anta da na yi aikin sanin makama, inda ake kwaso ɓuntu daga injinan casar shinkafar da ake nomawa su Dadin Kowa.

Ɓuntu ba nauyi gare shi ba, mita ɗaya ta kowane ɓangare da kyar ya wuce kilo 120, amma in an matse shi ya kan kai kilo 600 har da ɗoriya. In ka zuba shi haka nan a murhu ko dai ya toshe iska wutar ta shaƙe ta yi ta hayaƙi, ko kuma iskar ta huda masa hanya guda ta bi, gefe na ci gefe ko ɗumi bai yi ba, ga toka na tashi tana shiga ido. Felet kam tunda girmansu ɗaya, kauri milimita 6 zuwa 8, akwai 'yan kafofi a tsakaninsu da iska ke ratsawa ko'ina, sannan zafi ba ya shiga cikin ƙwayar lokaci guda, daga waje yake ci yana shiga a hankali, shi ya sa wutar ke daɗewa ba ta tashi ba ta faɗuwa. Kunnawar ce dai sai ka yi haƙuri, ba ta kamawa da wuri.

Inda aikin yake wallahi shi ne laima. Injin irin na masu abincin kifi ne sai dai ya fi ƙarfi, ba a sa gam ba a sa sitaci, gugar da ake yi a cikin ramukan faifan ƙarfen da ake tura kayan ta ciki ce ke kawo zafi har sinadarin lignin da ke jikin tsiron ya yi laushi ya riƙe kayan. Amma sai laimar ta tsaya wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Da hunturu kayan sun bushe ƙayau, injin ya yi ta gurnani yana zubo gari sai an yayyafa ruwa, a watan Agusta kuma felet ɗin su fito a kumbure duk tsaga, kana murzawa a hannu sun wargaje. Ogan wajen ko mitar auna laima ba ya dubawa, damƙa yake yi ya buɗe hannu ya ce min "yaro ƙara ruwa kaɗan", kuma in an auna sai a ga ya yi daidai.

Sai toka, wadda matsewa ba ta rage ko ƙwaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka ce kuma yawancinta silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, tun kafin a kai ga murhu ma tana cinye faifan injin. Karan dawa da na masara kuma, in su aka matse, nasu ciwon daban, fotasiyam ɗin da ke cikinsu yana sa tokar ta narke da wuri ta dunƙule ta toshe ƙasan murhu. Shi ya sa muke cakuɗawa da garin katako.

Ni a ganina mai turara shinkafa da ke maƙwabtaka da injin casa ba ruwansa da felet, ya gyara murhunsa ya ƙona ɓuntunsa haka nan, don kuɗin dizal ɗin matsewa zai cinye ribar. Masu gidan burodi a cikin Bauchi da ake kawo wa itace daga nesa, su ne lissafin zai fi yi wa daɗi, in dai suna da ɗakin ajiyar da ba ya yoyo.