Buhu Biyu da Ba Su Shiga Littafi Ba

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, ina riƙe da littafin lissafi a wani shagon hatsi a babbar kasuwar Sakkwato. Matata tana kwance ba lafiya, mai gidan da muke haya kuma ya aiko har sau biyu. Wata rana da yamma na ƙirga buhunan gero, sai na tarar da biyu sun ƙaru a kan abin da aka rubuta, kuma babu wanda ya sani sai ni. Na sayar da su, na gaya wa zuciyata cewa aro ne, har ma na ce wataƙila Ubangiji ne ya buɗe mini hanya.

Ranar Lahadi a coci, da muka zo wurin roƙon kada a kai mu ga jaraba cikin Addu'ar Ubangiji, wato addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, bakina ya yi nauyi. Bayan sujada na sami wani dattijon ikilisiyarmu a gindin dogon yaro, na zayyana masa komai, na ƙare da cewa Allah ne yake gwada ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ciwon matarka gwaji ne, amma buhunan nan jaraba ce, kada ka haɗa su." Ya buɗe wasiƙar Yaƙub sura ta 1 cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka nuna cewa gwajin bangaskiya yana haifar da jimiri, amma Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, sha'awar mutum ce take janye shi. Na sha karanta wurin tun ina yaro, ban taɓa raba kalmomin biyu ba sai ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda jaraba takan shigo ta ƙofar da gwaji ya buɗe. Sai da Yesu ya yi kwana 40 a jeji yana azumi, yunwa ta kama shi, sannan Shaiɗan ya kawo zancen mai da duwatsu gurasa. Ni ma buƙatata gaskiya ce, hanyar biyanta ce ta karkace. Da can ina ɗaukar kaina mutum mai amana, alhali kuwa amanar ba ta taɓa haɗuwa da yunwa ba.

Washegari na durƙusa gaban maigidana mai shagon na ce, "Alhaji, na ci amanarka." Bai kore ni ba, amma ya cire kuɗin daga albashina cikin wata uku, ya kuma karɓe makullin sito. Tun daga lokacin ba na ƙirga buhu sai da yaron shago a tsaye kusa da ni, ni da kaina na nemi a yi hakan. Makullin kuwa har yanzu yana aljihun Alhaji, ban kuma tambaye shi ba.